Ranar da na yi wa suri lacca a Kufena

Da abokina ya ce ranar Asabar za a zagaya da mu gindin dutsen Kufena a nuna mana tarihi, "tarihi" kawai kunnena ya kama, "zagaya" ta wuce ni. Sai na ɗauko farar shadda mai sitaci da takalmi sau-ciki na Sallah. A tsakiyar Agusta fa.

A Wusasa muka haɗu da mai yi mana jagora, wani dattijo Bazazzagi da sanda da silifa. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Wannan Bakano ne ko?"

"Yaya aka yi ka gane, Baba?"

"Mu dai ba mu da ɗaurin aure yau."

Muka kutsa cikin gonakin masara, dutsen na gabanmu, yana tafe yana zuba labari. Bakwa Turunku mai sarautar Zazzau a da, da 'ya'ya mata biyu, Amina da Zariya wadda birnin ya ci sunanta. Ya ce duk inda Amina ta ya da zango sai an ja ganuwa, shi ya sa har yau tsofaffin ganuwoyi da yawa ake ce musu ganuwar Amina. Da ya zo kan gaisuwar da Sarkin Nufe ya aika wa Amina, babanni 40 da goro 10,000, sai na ga wurin shiga.

"Baba, wannan ai a tarihin Kano aka rubuta shi. Ba don mu ba, da kun manta."

"Gaskiya ne, ɗana. Bawa ai shi ke riƙe wa ubangidansa lissafi."

Aka kwashe da dariya. Ni kuwa na ƙudura sai na rama.

Kafin in rama, muka gangara wani kwari mai taɓo. Kowa ya bi sawun Baba, ni na zaɓi inda ciyawa ta fi kyau. Ƙafar dama ta fito, takalminta bai biyo ta ba. Wani yaro mai kiwon awaki ya zura hannu har gwiwa ya zaro mini shi cike da laka kamar kaskon gini, sai da na ba shi ɗari biyu.

Can na hango wani jan tudun ƙasa, tsayinsa ya kai ƙirjina. Na ce yauwa! Na yi wuf na riga kowa, na jingina da shi, na miƙa wa abokina waya ya ɗauke ni bidiyo. Na fara bayani, wai irin wannan jar ƙasa da ita aka yi badalar Kano, ku duba ƙarfin ginin mutanen da. Har da buga shi da tafin hannu.

Baba ya tsaya ya dogara sandarsa, ya bar ni na kai aya.

"Alhaji, ganuwar ga ta can bayanka, inda ciyawa ta rufe. Wannan suri ne. Amma maginan na ciki, ka ƙara bugawa za su fito su gode maka."

Ba gara ce ta fito ba. Tururuwan da na taka wa hanya ne suka haura ta ƙafar wando. Na yi rawar da ban yi ba ko a bikina, takalmi ɗaya a hannu, hula a ƙasa.

Abokina bai kashe bidiyon ba. Kafin in isa Kwanar Dangora, matata ta bugo tana tambaya ko in tsaya in sayo man zafi.