Kafin ka zaɓi I2C, fara auna tsawon wayarka

Duk matashin da ya kawo mini aikinsa na Arduino, ƙaramin allon lantarkin da ake rubuta wa manhaja don sarrafa na'urori, a nan Maraɗi, tambayata ta farko ita ce: wayar mita nawa ce? Galibi sai ya yi shiru, don shi sauri ya duba, da yawan ƙafafun allon da za su rage masa.

Yaranmu sun ƙwallafa rai a kan I2C, ɗaya daga cikin hanyoyin da allo ke musayar bayanai da na'urori ta waya, kuma ban ga laifinsu ba. Waya biyu ce kawai, SDA mai ɗaukar bayanai da SCL mai daidaita lokaci, na'urori da dama su rataya a kai, kowace da lambarta. Sai dai kamfanin Philips ya fito da ita a 1982 don sassan da ke zaune kusa da juna cikin akwati ɗaya, irin na talabijin. Ƙa'idarta ta tsayar da cajin da layi zai iya riƙewa a pikofarad 400, kuma duk mitar da ka ƙara tana cin wannan kason. A kan tebur komai lafiya lau. Kai shi garka a Jiratawa, ma'aunin danshi na can mita ashirin, injin ban ruwa na ruri a gefe, sai allon ya daskare. Yaro ya kwana yana tonon kuskure a rubutun manhajarsa, alhali matsalar na cikin waya. Wannan asarar ce ke ci mini rai.

Akwai wasu hanyoyin: SPI ta fi gudu, ita ta dace da katin SD da allon nuni, amma ita ma ba ta tafiya nesa. UART kuwa tsakanin na'urori biyu ce, kamar allo da SIM800L mai aika saƙon waya, muddin an daidaita gudunsu, misali a bit 9600 cikin daƙiƙa.

Aikin gona da na rijiya, ni RS-485 nake ba wa ƙuri'a. Tana tura saƙo ta waya biyu murɗaɗɗu, mai karɓa ya karanta bambancin da ke tsakaninsu, don haka hayaniyar injin da ta bugi duka biyun ba ta tasiri. Tana kai mita 1200 idan an rage gudu, ta ɗauki na'urori 32.

Za a ce ƙarin kuɗi ne da ƙarin wahala. Haka ne: sai ka sayi MAX485, na'urar da ke haɗa allo da layin RS-485, a kowane gefe, ka koyi Modbus, tsarin aika saƙo a kan layin, ka sa rezista mai om 120 a kowane ƙarshe na layin. Amma duka wannan bai kai kuɗin man babur na zirga-zirga uku zuwa garka don tayar da allon da ya tsaya ba.