An yi gwiwa ɗaya kuɗi ya ƙare: me ya hana a faɗa wa majinyaci gaskiyar lissafi tun farko?

Abin da ake yi wa masu ciwon gwiwa a Najeriya wajen maganar kuɗin tiyata ba daidai ba ne. Dattijuwa za ta je asibiti gwiwoyinta biyu duk sun cinye, a ɗauki hoton ƙashi, a ce sai an sauya su da na ƙarfe. A tambayi nawa ne, sai a faɗi lamba guda da baki, babu takarda, babu bayani. 'Ya'ya su yi karo-karo, a sayar da fili ko shanu, a kai kuɗin, a yi ƙafa ɗaya. Kafin a cire ɗinki an kashe abin da ya zarce lambar nan nesa ba kusa ba, kuɗin da aka ware wa ƙafa ta biyu ya tafi a magani da jini da gashin ƙashi da kuɗin mota. Sai a bar baiwar Allah da gwiwa ɗaya miƙaƙƙiya, ɗaya a karkace tana ƙara duk takun da ta yi. An yi ba a yi ba ke nan.

Kuma fa ba abin mamaki ba ne ya faru. Duk wanda ya san aikin ya san amosanin gaɓɓai yakan ci gwiwoyi biyu tare, ɗaya dai ta riga ɗaya lalacewa. Tun ranar da aka ɗora hoton a fitila an ga ta biyun na nan tafe. To me ya hana a zaunar da iyali a ce musu aiki biyu ne a gabanku, ga tazarar da za a bari, ga abin da kowanne zai ci? Likitoci da yawa sukan bar kamar wata 3 tsakanin aikin farko da na biyu, don jini ya dawo, ƙafar da aka yi ta iya ɗaukar nauyi. Akwai kuma yin biyun a shiga ɗaya: allurar kashe zafi ɗaya, kwanciya ɗaya, jimillar kuɗi ta ragu, amma zubar jini ya fi yawa, haɗarin daskarewar jini da matsalar zuciya ya ƙaru, shi ya sa ba a cika yi wa tsoho mai suga da hawan jini ba. Wannan zaɓi haƙƙin majinyaci ne ya ji shi da dalilansa kafin ya biya ko sisi.

Jinkiri kuwa kuɗi ne, kuma wannan shi ne abin da ya fi baƙanta rai, don ba a cika bayyana shi ba. Gwiwar da aka bari ba tsayawa take yi ta jira a tara kuɗi ba. Guringuntsi ya riga ya ƙare, ƙashi na gugar ƙashi, gefen ciki na saman ƙashin ƙwauri yana ta zaizayewa, ƙafa na ƙara gwamewa, jijiyoyin da ke riƙe gaɓar ta waje suna saki. Gwiwar da aka kawo da wuri kaya huɗu take buƙata: hular ƙarfe da ake kifawa a ƙarshen ƙashin cinya, farantin ƙarfe a saman ƙashin ƙwauri, roba mai tauri a tsakaninsu, wani lokaci da ɗan maɓallin roba a bayan ƙoƙon gwiwa, sai simintin ƙashi da ke manne su. Wadda aka bari shekara biyu ko uku har ƙashi ya rame tana iya neman ƙari: doguwar sanda da za ta shiga cikin ɓargo, ƙarfen ciko inda ƙashi ya cinye, da irin kayan da ke riƙe gaɓa da kansa saboda jijiya ta daina riƙewa. Kowanne da farashinsa, aikin ya fi tsawo, jini ya fi zuba. Wanda ya ɗage aiki don ya rasa kuɗi sai ya dawo ya tarar an ƙara masa.

A tsawon jiran nan me yake sha? Diclofenac da ibuprofen da piroxicam, safe da yamma, wata da watanni, wani lokaci da haɗin kemis da aka cusa prednisolone ko dexamethasone a ciki ba tare da ya sani ba. Na farkon su ci ciki su taɓa ƙoda, na biyun su hau da suga su raunana garkuwar jiki. Ranar da kuɗi ya haɗu sai gwaji ya nuna gyambon ciki ya shanye jini, ƙoda ta yi rauni, a ɗage aiki, a fara sabon kashe kuɗi. Allurar da ake yi a cikin gwiwa don rage zafi ma da sharaɗinta: in an yi ta ƙasa da wata 3 kafin tiyata tana ƙara haɗarin ƙwayoyin cuta su kama ƙarfen. Mutum nawa aka faɗa wa haka kafin a soka masa ita?

Sai maganar dala. Ƙarfen nan daga waje ake shigo da shi, na kamfanoni irin su Zimmer Biomet, DePuy Synthes, Stryker da Smith & Nephew, ko na Indiya da Sin. A farkon watan Yunin 2023 dala na wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda aka yi wa ƙafar farko kafin lokacin, ya ajiye daidai abin da ya kashe yana jiran ta biyu, kuɗinsa ya narke a hannunsa. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, aikin kuwa maganar miliyoyi ake. Asibiti ba shi ya karya naira ba, gaskiya ne. Amma rubuta kwanan wata a kan takardar farashi, da faɗin sati nawa za ta yi tana aiki, da bayyana ko kuɗin kafin alƙalami ya ɗaure farashin ƙarfen, duk wannan a hannun asibiti yake, kuma bai cin ko kwabo.

Mutum ya nemi a rarrabe masa lissafi kashi-kashi. Kuɗin ƙarfe da siminti daban, da sunan kamfani da samfurinsa. Kuɗin likitan tiyata da na mai allurar kashe zafi daban. Ɗakin tiyata da kayan da ake amfani da su sau ɗaya a yar. Gado na kwana nawa aka lissafa, in an wuce kowane dare nawa ne. Gwaje-gwajen kafin aiki: yawan jini, rukunin jini, gwajin sikila, ƙoda, fitsari, hoton ƙirji, awon bugun zuciya, da gwajin HbA1c mai nuna yadda suga ya kasance cikin wata 3 da suka wuce. Yawancin likitoci ba sa son shiga da wanda nasa ya haura kamar 8, kuma saukar da shi ba aikin sati ɗaya ba ne. Namiji mai ƙarfin jini ƙasa da 13, ko mace ƙasa da 12, yana da ƙarancin jini da ya kamata a gyara tun makonni kafin aiki. Maganin ƙarin jini na wata guda ya fi ledar jini araha nesa. Ruɓaɓɓen haƙori, ciwon fitsari, ƙurji ko gyambo a ƙafa, duk sai an kawar da su. Kada kowa ya ce ai an yi gwajin nan a aikin farko. Sakamakon bara ba ya aiki bana, za a sake, za a sake biya.

Jini ma a yi maganarsa a fili. Akwai maganin tranexamic acid mai rage zubar jini sosai, ba shi da tsada, a tambaya ko ana ba da shi. Duk da haka ana iya cewa a tanadi leda ɗaya ko biyu, wanda ke nufin neman masu bayarwa da biyan kuɗin tantancewa. Bai kamata a ji wannan magana da daren jajibirin aiki ba, ana buga wa dangi waya ana roƙo.

Bayan sallama ne lissafi ke fashewa, don lambar bakin nan a ƙofar asibiti take tsayawa. Maganin hana daskarewar jini ana shan sa ko a yi allurarsa aƙalla kwana 10 zuwa 14, wasu har kwana 35. In enoxaparin aka rubuta, allura ce kullum, sirinji 14 ke nan na sati biyu, kowanne da kuɗinsa. Iyali da yawa sukan sayi biyar, su ga majinyaci ya warware, su bari. Gudan jini sai ya haɗu a sha-raɓa, ƙafa ta kumbura ta yi zafi, in ya ɓalle ya tafi huhu numfashi ya sarƙe, rai na iya salwanta. Da an faɗa musu akwai ƙwayoyi masu rahusa da likita ke iya zaɓa wa wanda suka dace da shi, har da asfirin, da ba su daina a tsakiya ba.

Gashin ƙashi kuwa shi ne rabin aikin, amma shi ake fara yankewa. Sau 2 ko 3 a sati, na sati 6 zuwa 12, zama 12 zuwa 36 ke nan. A ninka da kuɗin zama ɗaya, a ƙara kuɗin mota zuwa da dawowa na mutum biyu, kuma shata za a ɗauka, don mai sabuwar gwiwa ba zai cusa ƙafa cikin adaidaita sahu cike da fasinja ba. Wanda ke ƙauye sai ya kama ɗaki a birni. Shekaru da yawa asibitocin ƙashi na tarayya uku ne kacal, Igbobi a Legas, Enugu, da Dala a Kano, masu gashi kuma a birane suka taru, ka ga nisan da mutumin Gashuwa ko Yawuri zai yi. In aka yi sakaci tabo ya ɗaure gaɓar. Gwiwar da ba ta kai lanƙwasa digiri 90 ba a sati 6 zuwa 12, sai a mayar da mutum ɗakin tiyata a sa masa barci a lanƙwasa ta da ƙarfi. Sabon kuɗi, kan abin da da gashi ya hana.

A shiga gidan da za a mayar da shi a gani. Katifa ce a ƙasa, masai na tsuguno a can ƙuryar tsakar gida, ga dakali a bakin ƙofa, ga tabarma mai zamewa a kan siminti. Tashi daga kujera na neman lanƙwasa kamar digiri 95, tsuguno ya haura 130, zaman tahiya ya fi haka, yawancin gwiwoyin da aka sauya kuwa wajen 110 zuwa 120 suke tsayawa. A aikin farko ƙafar da ba a taɓa ba, duk da ciwonta, ita ke ɗan taimakawa wajen dabara. Bayan na biyu sai a yi shirin zama a sama gaba ɗaya. Ana buƙatar gado mai tsayi, masai na zama ko kujera mai rami, kujerar wanka, kujerar salla, ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu sannan sanda. Ana cewa a ɗora ƙanƙara minti 15 zuwa 20 sau da yawa a yini don kumburi, a unguwar da wuta ba ta zama, ita ma saye za a yi. Mai aikin zaune ya lissafa sati 6 babu fita, mai aikin tsaye, ɗan kasuwa ko manomi, wata 3. Mai jinya ita ma ta bar sana'arta. Abincin gida na watannin nan yana cikin kuɗin aiki, kuma a kan jimillar a ɗora aƙalla kashi 20 cikin 100 na ko-ta-kwana.

In ka ce inshora, an sa hannu a dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa a 2022, ta mayar da shiga tsarin dole, amma har yanzu sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita. Mai kati ma kada ya saki jiki. Ya nemi amsa a rubuce: an ɗauki kuɗin ƙarfen ko aikin kaɗai, akwai iyaka a shekara, ƙafa ta biyu za ta shiga cikin shekarar da aka yi ta farko? Masu tafiya Indiya ko Masar su ma farashin da dillali ke turowa a WhatsApp bai ƙunshi tikitin mutum biyu, biza, masauki na makonni, da wanda zai duba ciwon bayan an dawo ba. Su karɓo takardar da aka manna lambobin ƙarfen a kai. Kayan kamfani ɗaya ba ya shiga na wani, in roba ta nemi canji nan gaba, likitan gida sai ya san abin da ke ciki. Wanda aka yi wa a gida ma ya nemi tasa, tasa ce.

Aikin nan mai kyau ne in an yi shi daidai. Wani babban nazari da aka wallafa a mujallar Lancet a 2019 ya nuna kusan 82 cikin 100 na irin gwiwoyin nan suna kai shekara 25. Amma kamar mutum 1 zuwa 2 cikin 100 ƙwayoyin cuta kan kama ƙarfen, kuma a nan ne gida ke rushewa. Ƙwayoyin sukan yi shimfiɗa a jikin ƙarfe inda magani ba ya ratsawa. In an kama shi cikin makonnin farko ana iya buɗewa a wanke a canza roba. In ya daɗe sai a ciro komai, a sa siminti mai ɗauke da magani ya riƙe wurin, a yi kamar sati 6 ana ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan a sake shiga a sa sabon kaya mafi tsada. Tiyata biyu ke nan a kan wadda aka riga aka biya. Ciwon da ke tsattsafo da ruwa bayan kwanaki, ja da zafi masu ƙaruwa, zazzaɓi, ba na kai wa kemis ba ne a ba da kafso. Kafson nan ɓoye cutar yake yi, ya sa gwaji ya kasa gano ta. Kafin a sa hannu a takardar yarda, a tambayi likita ido da ido: in haka ta faru cikin wata 3 na farko, me asibiti zai ɗauka, me iyali za su biya? A sa ya rubuta amsar a kan takardar farashin, ya sa hannu da kwanan wata.