Tafiya Ba Sallama, Wa Ya Koya Muku?

Shekaranjiya bayan la'asar wata tsohuwa a unguwarmu ta bi gida-gida tana cigiyar jikanta, tun asuba ba a gan shi ba. Sai dab da magariba wani abokinsa ya nuna mana hotonsa a waya, yana zaune bisa tirelar albasa, wai Legas ya nufa. Mutanen Facebook sun san ya tafi, kakar da ta goya shi ba ta sani ba.

Samarin Sakkwato, ku ji tsoron Allah. Ba wanda ya hana ku cin rani, iyayenmu ma sun yi, har Ikko da Badun. Amma wa ya taɓa jin sun sulale da asuba kamar ɓarawon kaza? Mutum zai durƙusa gaban mahaifinsa ya ce, "Baba, zan tahi." Tsoho ya dafa kansa ya ce, "Allah shi kiyaye hanya, Allah shi ba da sa'a, ka riƙe salla." Ya shiga ɗakin Inna ta ƙulla masa guzuri, ko ƙuli-ƙuli ne. Ya zaga maƙwabta, ya je wa malaminsa na allo. In akwai mai bin sa bashi, ya sanar da shi. Yau kuwa wasunku saboda bashin ne ma suke gudu, kuɗin kuma ba a ci abinci da su ba, a ƙwaya da caca suka ƙare. Wannan kuma maganar wata rana ce.

A hadisin Abu Dawuda, wani mutum ya zo yi wa Manzon Allah (SAW) mubaya'a a kan hijira, ya ce ya baro iyayensa suna kuka. Aka ce ya koma ya sa su dariya kamar yadda ya sa su kuka. Hijira ke nan fa! To kai da za ka je tura baro ko kabu-kabu, wace hujja gare ka? Kuma hanyar nan ta Gusau zuwa Funtuwa, kowa ya san halin da take ciki, amma ka hau ta ba addu'ar uwa. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, ranar da ka dawo da wane ido za ka dubi mutanen gidanku?

Abin ya wuce matafiya ma. Yaro ya tashi daga majalisar manya, waya a kunne, ba "sai an jima", ba "mu kwana lafiya". Baƙo ya zo maka, zai tafi, kana kishingiɗe ka ɗaga masa hannu. Ina rakiya ta shiga? Da can sai an taka wa baƙo har bakin titi, ana "a gaida gida", shi kuma yana "ka koma haka nan", wani lokaci hirar rakiyar ta fi ta zaure daɗi. Maniyyaci kuwa kafin ya nufi sansanin alhazai sai ya bi dangi ɗaya bayan ɗaya, har na Wurno da Gwadabawa, yana neman gafara, ana hawaye. Bara wani ya turo mini saƙo guda, irin wanda ake tura wa kowa da kowa, wai duk wanda ya ɓata wa ya yafe masa. Ko sunana babu a ciki, gidansa kuwa yana bayan namu.