Daren da ya daina sanyi: a saurari tsofaffin biranen hamada

Kafin na'urar sanyaya ɗaki ta shiga gidajen Phoenix, babban birnin jihar Arizona ta Amurka, ba kowa ke iya kwana a ɗaki da bazara ba. Rana na faɗuwa sai a jawo gadaje zuwa baranda ko filin gida. Uwa ta tsoma zanen gado a bokiti, ta matse shi sama-sama, ta rataya ta ɓangaren da iska ke shigowa. Wani yaron ma da jiƙaƙƙen zanen yake lulluɓa. Iskar hamada busasshiya ce, in ta ratsa zane mai laima sai ta kwashe ruwan ta bar sanyi. Kafin zanen ya bushe barci ya kwashe yara, kuma zuwa asuba ƙasa ta huce da kanta.

Duk birnin hamadar da ka je, in ka zauna da wanda ya tsufa a cikinsa, za ka ji wannan labari ko ɗan'uwansa. Dattijon Kuwait zai ba ka labarin kwana a saman soro. Na Dubai zai nuna maka hasumiyar iska, wadda ake ginawa a kan ɗaki da baki huɗu don ta kamo iska ko ta ina ta taso ta sauko da ita ƙasa. Na Las Vegas, a jihar Nevada ta Amurka, zai ce a da mota na barin bakin gari sai daji, sai taurari. Jikoki kuwa sun haddace labarin. Su yi murmushi, su koma kan wayoyinsu, a ransu suna cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Ni dai ina ganin jikokin sun yi saurin yanke hukunci. A cikin hirar tsofaffin nan akwai ƙari, akwai mantuwa, akwai ma son kai, zan zo kansu. Amma akwai shaidar da babu wanda ya riƙe ta sai su, kuma masu tsara birane na barin ta tana bin masu ita kabari.

Mu fara da girman abin da ya same su, don ba irin sauyin da kowane tsoho ke kuka da shi ba ne. Phoenix na da mutum 106,818 a ƙidayar 1950. A 2020 ta haura miliyan 1.6, ita ce ta biyar a girma a Amurka. Birnin Las Vegas bai kai mutum 25,000 ba a 1950, yau gundumar da yake ciki ta wuce miliyan 2. Dubai na da kusan 59,000 a ƙidayar 1968, shekara guda kafin ta fara fitar da man fetur, yanzu ta haura miliyan 3.5. Nuwakshot, babban birnin Mauritaniya, da aka aza harsashinta a 1958 mutum 15,000 aka tsara mata, ga shi ta wuce miliyan. Dalili ɗaya ne a mafi yawansu. Ruwa ne ke yi wa garin hamada iyaka, shekara ɗaruruwa ba ya wuce abin da rijiyarsa za ta iya shayarwa. Ranar da aka fasa wannan iyaka, ko da madatsar ruwa, ko da injin tace ruwan teku, ko da bututu daga kogi mai nisa, aka haɗa da wutar lantarki da ke sanyaya ɗaki, sai garin ya yi tsalle ɗaya ya haɗiye na da. Abin da wasu birane suka yi a ƙarni uku, nan a rayuwar mutum guda aka yi shi. Mutum bai yi ƙaura ba, bai yi gudun hijira ba, yana zaune a unguwarsu garinsu ya ɓace masa. Wani masanin falsafa ɗan Ostireliya, Glenn Albrecht, sai da ya ƙirƙiro wa irin wannan ciwo suna na musamman a farkon shekarun 2000: kewar gida alhali kana cikin gidan.

To, batun dare. In tsohon Phoenix ya ce daren yanzu ba ya sanyi kamar na da, ba tsufa ke damunsa ba, ma'aunin zafi na bayansa. Hamada ta asali tana gasa mutum da rana, amma da yake babu gajimare babu laima, da dare zafin kan tsere sama da sauri. Kwalta da kankare da bulon siminti ba haka suke ba. Wuni suke suna shan rana, su kwana suna amayar da ita. Ga na'urorin sanyaya ɗaki dubu ɗaruruwa, kowace tana kwaso zafin cikin gida tana watso shi kan titi, ga motoci. Gonakin auduga da lambunan lemu da suka kewaye garin, waɗanda ban-ruwansu ke sanyaya iska, an sare su an yi filaye. A 2023 Phoenix ta yi kwana 31 a jere, daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Yuli, zafin rana bai sauko ƙasa da digiri 43 a ma'aunin Salshiyas ba. A ranar 19 ga Yuli, mafi sanyin lokacin da aka samu, wato gab da wayewar gari, digiri 36 ne. A wannan shekara hukumomin lafiya na gundumar Maricopa, wadda Phoenix ke ciki, sun ƙidaya mutum 645 da mutuwarsu ke da nasaba da zafi. Da uwar nan za ta dawo ta rataya zanenta a irin wannan dare, da ta sha tashi tana sake jiƙa shi, yaran kuma ba lalle su runtsa ba.

Abin da ya sa maganar tsoho ke da nauyi a nan shi ne yaron da aka haifa a 2005 bai san wani dare ba sai wannan. A wurinsa haka hamada take, haka Allah ya yi ta. Wani masanin kifi, Daniel Pauly, ya bayyana wannan matsala a 1995 game da teku: kowane zamani na masu bincike yakan ɗauki yawan kifin da ya tarar a matsayin asali, don haka ana ta asara ba wanda ya ga girmanta. Haka birni yake. In babu wanda ya tuna an taɓa kwana a waje, babu wanda zai tambayi me ya sa yanzu ba a iyawa, balle ya nemi a gyara.

Haka batun ruwa. Sunan Las Vegas kansa da Sifaniyanci yana nufin fadamu masu ciyawa, saboda idanun ruwan da ke ɓuɓɓuga a wurin. Su suka sa jirgin ƙasa ya yada zango har aka kafa garin a 1905. Rijiyoyin burtsatse suka yi ta zuƙe na ƙasa har idanun suka daina fitowa a 1962. Akwai masu rai da suka yi wanka a cikinsu. Yanzu kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan yankin daga kogin Colorado yake zuwa, ta tafkin Mead da ke bayan madatsar Hoover, kuma a 2022 tafkin ya yi ƙasan da bai taɓa yi ba tun da aka cika shi. A Phoenix yara sun yi iyo a hanyoyin ban-ruwa masu layin itatuwa a gefe, daga baya aka sare itatuwan don wai suna shan ruwa da yawa, aka shafe hanyoyin da kankare. A Kuwait, kafin a kafa injinan tace ruwan teku a farkon shekarun 1950, da jiragen ruwa na katako ake ɗauko ruwan sha daga kogin Shaɗɗul Arab na kudancin Iraki, 'yan ga-ruwa su bi da shi gida-gida. Wanda ya tashi a haka ya san ruwa da asalinsa, ya san nauyinsa a kafaɗa. Jikansa famfo kawai ya sani.

Sai dai kada a ce na ɗauki hirar tsofaffi tamkar karatun allo. Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da lura cewa abin da mutum ya fi tunawa, kuma ya fi yi masa ado, shi ne abin da ya faru tsakanin shekara 10 zuwa 30 na rayuwarsa. Rabin kewar garin da ake yi, kewar gwiwoyi masu ƙarfi ce da iyaye masu rai. Sauran rabin kuma sai an tace.

Ga misalin da ya fi ba ni mamaki. Daga 1951 zuwa 1962 gwamnatin Amurka ta yi gwajin bam ɗin nukiliya sau 100 a sararin sama, a wani fili mai nisan kilomita 105 daga Las Vegas. Otal-otal suka mai da abin biki, ana hawa sama da asuba ana kallon hasken da hayaƙin da ke tashi kamar lema. Waɗanda suke yara a lokacin har yau wasunsu da annashuwa suke ba da labarin. Ƙurar kuwa iska ta kwashe ta zuwa garuruwan gabas da arewa maso gabas, har cikin jihar Utah, inda cutar daji ta yi ta bin gidaje, sai a 1990 aka yi dokar biyan diyya. A dai wannan zamani da ake kewa, mawaƙi baƙar fata zai cika zauren otal da 'yan kallo, in ya gama ya fita ta ƙofar baya ya tafi kwana unguwar yamma, wadda yawancin titunanta ko kwalta babu. Sai a 1960 aka cim ma yarjejeniyar da ta buɗe otal-otal ɗin ga kowa. Zamani ɗaya, gari ɗaya, amma tambayi tsohuwar unguwar yamma ka ji ko labarinta zai zo daidai da na tsohon da ya hau soron otal.

Dubai ma haka. Hasumiyar iska ta attajirai ce. Talaka a bukkar ganyen dabino yake, mai nutso neman lu'ulu'u kuma wata huɗu yake yi a teku, ya dawo sau da yawa da bashin mai jirgi a wuyansa. Da lu'ulu'un da Japan ta koyi nomawa ya karya kasuwar a shekarun 1930, yunwa aka yi ta gaske. Wanda ya ce yana son a koma wancan zamani, a ba shi kwana uku a bukka a watan Agusta.

Inda na fi rabuwa da tsofaffin shi ne in hira ta juya kan baƙi. Kusan kullum can take ƙarewa: garin ya lalace ne da aka cika shi. Amma wa ya riga wa? Kafin jirgin ƙasa ya iso Las Vegas, mutanen Paiute, ƙabilar da Turawa suka tarar a yankin, su ne ke shan idanun ruwan nan. Hanyoyin ruwan Phoenix na farko a kan sawun waɗanda mutanen Hohokam, tsofaffin mazauna wurin, suka haƙa ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Turawa aka bi. Iyayen mafi yawan masu kiran kansu 'yan asali madatsa ce ko masana'anta ko sansanin soja ya kawo su, wato abin da ya kawo na bayansu. Makiyayan da suka cika Nuwakshot a shekarun 1970 ba yawon buɗe ido suka zo ba, fari ne ya kashe musu dabbobi. A Dubai kuwa, inda 'yan ƙasa tsiraru ne a cikin jama'a, hannun baƙin ne ya ɗora kowane bulo. Ba baƙo ne ya zana titi mai layi takwas babu itace ko ɗaya ba, ba shi ya ba da izinin gina gidan gilashi yana fuskantar rana ba. Waɗannan a ofis aka yanke su, kuma galibi 'yan gari ne suka sa hannu.

Abin takaici, hukumomi sun iya girmama tarihi ta hanyar da ba ta da amfani. Kuwait ta rushe ganuwarta a 1957 ta bar ƙofofin, ga su nan tsaye tsakanin tituna, babu bango dama babu hagu. A Dubai an adana tsohuwar unguwar Al Fahidi don masu ɗaukar hoto, ana kuma ɗora hasumiyar iska a kan sababbin gine-gine a matsayin ado, a toshe, na'ura na aiki a ƙarƙashinta. An ɗauki siffar an bar ilimin: lungu matsattse da ke yi wa kansa inuwa, bango mai kauri, taga ƙarama, tsakar gida mai itace.

Akwai alamun an fara farkawa, ko da yake wuya ce ta sa. Phoenix ta buɗe ofishi na musamman kan zafi a 2021, tana dashen itatuwa tana shafa wa wasu tituna abin da ke rage shan rana. A shekarar ce jihar Nevada ta yi dokar cire ciyawar ado da ba a amfani da ita a yankin Las Vegas. Duk wannan komawa ce, da kuɗi masu yawa, zuwa abin da kakanni suka sani kyauta. Kuma ba zafi kaɗai ba. Hamada ba ta cika samun ruwan sama ba, amma in ya zo da ƙarfinsa yake zuwa, ya nemi tsohuwar hanyarsa ko an gina kanti a kai, kamar yadda Dubai ta gani a Afrilun 2024 da tituna suka koma tafkuna har filin jirgin sama ya tsaya. Wanda ya yi wasa a cikin busasshen rafi yana yaro ya san inda rafin yake, ko da taswirar yau ta ce wurin ajiye motoci ne.

Don haka in da ni ne mai tsara birni, ba biki zan shirya wa dattawa a ba su lambar yabo ba. Taswira zan shimfiɗa a gabansu, maza da mata, na unguwar masu hali da na bayan layin dogo, in miƙa musu alƙalami. Ina ruwa ke bi in an yi mamako? Ina itatuwan suke? Ta wace kusurwa iska ke shigowa bayan magariba, kuma wace shekara kuka daina fitar da gado waje? Yaron da ya kwana a barandar Phoenix yana ɗan shekara goma a 1945, in yana raye, ya taka casa'in.