Mun koma gida saboda Inna

Jiya da daddare na dawo daga Malumfashi, kuma tun a mota wata magana take yi mini yawo a rai. Kafin tafiyar na gaya wa wani abokin aikina cewa zan je gida taron 'yan'uwa saboda Innarmu, Allah Ya jiƙanta da rahama. Sai ya ce: "Da kuɗin motar ka tura aka yi mata sadaka, ai da ya fi mata amfani." Ba da mugun nufi ya faɗa ba, kuma na san da yawa haka suke gani yanzu. Ni dai ban yarda ba.

Inna ta rasu a watan Agustan 2023, damina ta yi tsaka. Da asuba ta cika, kafin azahar an kai ta makwancinta. Ina Abuja aka kira ni, ko da na iso sai kabari aka nuna mini. Yayanmu na Agege kwana biyu ya yi a hanya. Ƙanwarmu da ke aure a Maraɗi ko zaman makoki ba ta samu ba, domin an rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, ga ta da ɗanyen goyo, mijinta ya ce ba za ta bi ta daji a kan babur ba. A waya ta yi kukanta. Sai a Maris na 2024 Najeriya ta buɗe iyakar.

Bayan rasuwar aka buɗe zauren WhatsApp da sunanta. Kowace Juma'a sai addu'o'i su yi ta shigowa, kowa ya rubuta amin. Amma mu bakwai da ta bari, tun ranar ba mu sake zama a tabarma ɗaya ba. Da tana da rai, babu mai zuwa Sallah ya ce aiki ya riƙe shi. Kira ɗaya za ta yi, ta ce "Ina jiran ku," shi ke nan. Ashe ita ce maɗaurin tsintsiyar. Magabata da suka ce zumunta a ƙafa take sun san abin da suka gani.

Ban ce tafiyar da sauƙi ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin da sai an yi tanadi. Na hau jirgin ƙasa daga Idu a Abuja zuwa Rigasa a Kaduna, kuma babu mai hawansa bai tuna harin Maris na 2022 ba. Daga Kawo na shiga ta Zariya, Giwa, Funtuwa, Bakori, ido na kan agogo, don kowa ya san ba a son dare ya riski mutum a wannan hanya. Mai iyali a Legas kuwa sai ya haɗa da rance. Duk na sani.

Na kuma san saɓanin malamai a kan sadakar uku da bakwai da arba'in, kuma ba ni da ilimin shiga tsakaninsu. Mu ba wata rana muka keɓe ba, hutun makaranta muka duba. Ba anko, ba rumfa, ba kalanda mai hotonta. Irin wancan taro da ake mayar da mutuwar uwa bikin nuna arziki, ni ma ba na goyon bayansa. Tuwon masara da miyar kuka aka tuƙa, irin wanda take yi, muka yi mata addu'a bayan sallar la'asar, muka zauna.

A zaman nan ne abin da ya sa nake wannan rubutu ya fito. Matar yayanmu, wadda ta yi jinyar Inna har ƙarshe, ta ɗauko wani ɗan kwanon samira mai murfi daga ƙarƙashin gado, bakinsa duk ya ɓantale. Ta ce, "Kun san na waye wannan?" Babu wanda ya sani. Ashe kwanon wata tsohuwa ce a bayan layinmu, ƙawar Inna tun suna 'yan mata, wadda idonta ya tafi kuma ba ta da ɗa a raye. Kowace Juma'a Inna take zuba mata abinci da ɗan kuɗin goro a ƙasan murfin. Ranar da Inna ta kwanta ciwo kwanon ya tsaya. Shekara biyu muna rubuta amin a waya, tsohuwar nan tana zaune babu mai leƙa ta.

Muka tashi mu huɗu muka je. Na durƙusa na gaishe ta, ta laluba fuskata da hannu, ta ce, "Kai ne na Habuja? Kullum sai ta ce Allah Ya tsare mata kai a hanya." Ban iya amsawa ba. Inna mace ce mai alkunya, ba ta taɓa faɗa mini haka a gabana ba.

Hadisi ya zo a Sahihu Muslim cewa yana daga mafi girman biyayya mutum ya sada zumunci da masoyan mahaifinsa bayan ya rasu. To ta yaya zan sada zumunci da wadda ban san da ita ba? Wane banki ne zai tura mini labarin kwanon nan? Ita kanta sadakar da abokina yake magana, sai an zauna ake sanin inda ta dace. An fi shekara ana cewa a zauren WhatsApp za a haƙa rijiya da sunan Inna, kamar yadda Sa'adu bin Ubada ya yi wa mahaifiyarsa, kowa yana cewa in sha Allahu. A daren nan, ido cikin ido, Kawu ya ɗauki biro, kowa ya faɗi abin da zai iya, aka ba auta riƙon kuɗin.

Ba komai ne ya gyaru ba. Yayyena biyu da suka saɓa a kan rabon gonar Baba har yanzu gaisuwarsu a taƙaice take. Amma sun ci a kwano ɗaya, kuma 'ya'yansu, waɗanda ba su san juna ba sai a hoto, sun kwana a ɗaki ɗaya suna ta hira har aka yi musu tsawa.

Ƙanwata ta Maraɗi kuwa, tana sauke jaka ɗakin Inna ta shige ta turo ƙofa. Muka ƙyale ta. Da ta fito bayan magariba, zanen sallar Inna ne a kafaɗarta, ta kama hannun 'yarta, wadda aka mayar wa sunan marigayiyar muke kiranta Ummi, ta ce a ba su kwanon, yau su za su kai.