Gwajin haske a ɗakin da babu wuta

Da kuɗin aljihunmu muka sayi alayyafon da za mu yi gwajin haske da shi a jami'a, ƙulli uku, tun da sassafe, duk da kuɗin ɗakin gwaji da ake karɓa a hannunmu kowace shekara. Ban yi magana ba. Shekara uku ke nan ina haɗiyewa.

Aikin ba wani mai wuya ba ne. Tun 1937 Robert Hill ya nuna a Cambridge cewa idan aka ciro kuloroplas, wato koren ɓangaren ƙwayoyin ganye da ke kama hasken rana, daga ganye aka haska masa haske, zai fasa ruwa ya saki iskar oksijin, muddin akwai abin da zai karɓi ilektron, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki da ke fita idan ruwan ya fashe. Mu namu mai karɓar shi ne DCPIP, ruwa shuɗi kamar bula, wanda launinsa ke gushewa idan ya karɓa. A niƙa ganye cikin ruwan sukari mai sanyi, a tace da ƙyalle, a juya a injin santirifuj mai wulwulawa da sauri don ware kuloroplas ɗin, a zuba a kwalaben gwaji: ɗaya a gaban fitila, ɗaya a naɗe da takardar alminiyam don ta zauna a duhu. Sharaɗi ɗaya ne, komai ya kasance cikin ƙanƙara, don zafi na lalata kuloroplas.

Muna gama niƙa aka ɗauke wuta. Ga watan Afrilu, fanka ta tsaya, gumi na ɗiga daga haɓata cikin turmin. Na je wurin mai kula da ɗakin, na rusuna na ce, "Malam, don Allah ko akwai ƙanƙara?"

Bai ɗago ba. Sai da ya gama latsa wayarsa, ya kalle ni daga takalmi zuwa hula, ya ce, "Kai, nan ya yi maka kama da wurin mai zoɓo?"

Na ce, "Yi haƙuri Malam, a takardar aikin aka rubuta."

"To ka je takardar ta ba ka."

Na tambayi janareto. Ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya ce in na zo da dizal daga gidan ubana sai a tayar. Ubana da ya sayar da buhunan masara ya biya kuɗin wannan ɗakin! Firijin da ke bayansa kuwa, wanda ya kamata a ce ƙanƙararmu na ciki, tuni ya zama kabad ɗin ajiye tsofaffin fayil.

Awa biyu muna jira, ruwan ganyen ya yi ɗumi kamar kunu. Muka fitar da kwalaben rana. Ta haske shuɗiya, ta duhu shuɗiya, har ƙarfe ɗaya. Da na nuna masa sai ya ce, "Ba kun san abin da ya kamata ya faru ba? Ku rubuta ya yi fari, ku zana jadawali."

Madalla. Ashe kwas ɗin ƙirƙirar sakamako muka zo yi. Kuma wallahi duk ajin haka aka rubuta, har da lambobin na'urar auna launi da babu wanda ya taɓa ganin ta a kunne.

Shi ma ban ga laifinsa can can ba, wataƙila haka aka yi masa yana ɗalibi. Gwamnatin da ta bar jami'o'i a rufe wata takwas a 2022 ce za ta damu da ƙanƙarar ɗari biyar? Kullum suna kan mumbari suna cewa kimiyya da fasaha, alhali 'ya'yansu na Ingila, inda shuɗin ke gushewa a gaban idonsu cikin 'yan mintoci. Mu kuma gobe a tura mu sakandare mu koyar da abin da ba mu taɓa gani ba, mu ce wa yara su ma su rubuta ya yi fari.