Ku riƙa faɗa mana kafin ku ɗauke wuta!

Masu raba wutar lantarki a garin Garwa na Kamaru, ku ji tsoron Allah. Ɗauke wuta mun daɗe da sabawa da shi. Abin da ya kai mu bango shi ne a ɗauke ta tsakar aiki babu ko sanarwa, sai ka ce ba mutane ne ke biyan kuɗinta ba.

Aikinmu a ɗakin gwaji haɗa katalis ne, farar hodar da ke juya man darbejiya da man angurya su zama bayodizal, wato man dizal da ake yi daga tsirrai. Sai ka narkar da gishirin naitiret na magnesiyam da na alminiyam, ka riƙa ɗiga ruwan soda kaɗan-kaɗan, idonka na kan mita don pH, wato ma'aunin tsamin ruwan, ya tsaya wajen 10. Farin laka ya kwanta, ka tace, ka wanke, ka sake wankewa har bayanka ya ƙage, sannan ya kwana a obin ya bushe. Duk wannan share fage ne. Aikin gaskiya yana cikin tanderu: zafi ya hau a hankali har digiri 500, ya zauna nan awa huɗu ko biyar, ruwa da iskar kabon su fice, ƙarafan biyu su haɗe su zama oksaid, wato haɗin ƙarfe da iskar oksijin, mai ƙananan ƙofofi barkatai. A ƙofofin nan ne mai ke juyewa.

To a daidai nan ake ɗauke mana wuta! Allon tanderu ya mutu, zafi ya soma sauka. Hodar ta gasu rabi, kuma wannan haɗin da zarar ya huce a iska sai ya zuƙe danshi da kabon ya fara komawa yadda yake. Ko ka sake gasawa, wa zai yarda da sakamakonka tunda ba ka san awa nawa ya yi a kan wane zafi ba? Ɗalibi yana kallo zai kwashe aikinsa ya zubar, ga sinadaran daga Duwala ake sayo su da kuɗin aljihun iyayensa.

Wai a sayi janareta. Ƙaramin inji ba ya ɗaukar tanderu, babba kuma wa zai zuba masa mai?

Mun san madatsar Lagdo da ke ba mu wuta, wadda aka gama a 1982, megawat 72 ne iyakar ƙarfinta, mun san ruwan Binuwai yana ja baya da rani. Ba mu ce ku yi ruwan sama ba. Amma tunda kun san unguwar da za ku yanke da ranar da za ku yanke ta, me zai hana ku sanar a rediyo ko ku turo saƙo ta waya, kuma ku cika abin da kuka faɗa? Ku ba mu awa takwas a jere da muka tabbata da su, ko da tsakar dare ne, za mu kwana a gaban tanderun.